Kujerar Barakatu a Jirgin Kwatano

Duk wanda ya shiga unguwar bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda ya tambayi gidan Barakatu mai daddawa, za a nuna masa, sannan a ƙara masa da abin da bai tambaya ba: wai matar nan ba ta da na biyu wajen kunya. Daddawarta tana da kyau, ba a musu, amma ba ita ake fara yabo ba. Abin da mata ke ba 'ya'yansu misali da shi shi ne, Barakatu ta haifi ɗanta na fari, ya girma har ya tara gemu, ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakinta.

A Gurbin Bore aka haife ta. Ubanta manomin gero ne, uwarta Bafulatana, kuma daga wajen uwar ta sha wannan hali. Ta auri Halilu mai awon hatsi, ta haifi namiji, aka raɗa masa suna Lukman. Ranar da aka yaye shi, Kulsumu, yayar Halilu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo daga Shinkafi ta goya shi ta tafi. Haka ake yi da ɗan fari, ba wanda ya ga laifi. Barakatu tana tankaɗe a bakin murhu lokacin da suka fita, ba ta ɗaga kai ba. Sai dai garin da ta tankaɗe ran nan, rabinsa a ƙasa ya zube.

Yaro ya tashi yana kiran Kulsumu Inna, yana kiran uwar da ta haife shi Adda. Ita kuwa in ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "yaron Shinkafi".

Akwai wani biki da aka yi a Zurmi yana ƙarami, bai daɗe da fara faɗuwar haƙori ba. Yara suna guje-guje ya faɗi a kan turmi, leɓensa ya fashe. Bai nufi Kulsumu ba. Jini yana zuba, ya ratsa mata ya faɗa jikin Barakatu ya riƙe zanenta. Ta zare zanen a hankali, ta ce, "A kira uwatai," wato Kulsumu. Tsakar gida ta ɗauki salati da yabo. Wata tsohuwa ta ce yau ta ga ɗiyar mutunci, irin waɗanda suka ƙare.

Barakatu ta zaga bayan rumbu ta cusa gefen mayafi a baki don kada a ji ta. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta, wadda ko ita ba ta cika son leƙawa ba: da ta share fuska ta dawo, mata suka matsa suka ba ta wuri a kan tabarmar manya, kuma wurin ya yi mata daɗi. Yarinya ce da ba ta da zinariya, ba ta da ɗan'uwa mai sarauta, mijinta mudu ne jarinsa. Ran nan ta gane tana da abin da za a riƙa tashi a ba ta wuri saboda shi. Tun daga nan ta riƙe shi da hannu biyu.

Shekaru suka tura. Daji ya lalace, noma ya zama sai da izinin masu bindiga, Halilu ya kwashe iyalinsa suka dawo Ƙaura. Bai yi nisa ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Barakatu ta kama sana'ar kalwa, ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta kwana, da ita ta aurar da 'yan matanta har saura auta, Salima. Shi kuwa Lukman tun yana saurayi ya bi motocin albasa daga Shinkafi, yau Sakkwato, gobe Kamba, har wata tafiya ta kai shi Kwatano, bakin teku, ya zauna. Ya koyi gyaran injin jirgin ruwa. Daga baya ya samu aiki a wani jirgi mai fita da 'yan yawon buɗe ido tsakiyar ruwa, su kalli manyan kifaye.

Ba ya kiran uwarsa, don ba ta da waya, kuma ko tana da ita ba za ta ɗauka ba. Salima yake kira. Ita kuma ta san aikinta: sai ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ta ajiye ta a kan turmi, kusa da inda Barakatu ke mulmula daddawa, ta yi kamar mantuwa ce.

Wata ranar farkon damina ya kira, muryarsa da wani irin ɗoki.

"Auta, ki gaya ma Adda, bana ina son ta zo ta huta. Mai jirgi ya ba ni kujera guda kyauta, ya ce in kawo wanda nika so. In gero ya fara nuna, lokacin ne kifayen ke zuwa kusa da gaɓa."

"Wane irin kifi ne har da kujera?" in ji Salima. "Mu nan tarwaɗa ko a tsaye muna kallonta."

"Ke ƙauyanci ya kashe ki. Irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa nika gaya miki. Guda ya fi motar albasa tsawo. In ya fito shan iska sai ki ga ruwa ya tashi sama kamar an fasa famfo. Akwai kuma ƙanana, dolfin, su suna bin jirgi suna tsalle kamar 'yan awaki sun ga dusa."

"In ya haɗiye muna Adda fa?"

"Akwai rigar da ke hana nutsewa, kowa sai ya sa. Da sassafe a ka fita, kafin iska ta tashi. Kada ta ci abu mai maiƙo, ruwan yana juya ciki. Ni zan zo da kaina in ɗauke ta, mu bi ta Kamba. Tana ji na?"

Salima ta dubi uwarta. Barakatu ta ci gaba da mulmula, sai dai ƙwallon da ke hannunta ya riga ya mulmulu tun ɗazu.

"Tana aiki," in ji Salima.

"To. A gaishe ta."

Da aka kashe waya Barakatu ta ce, "Shirme. Mutum da hankalinai ya bar ƙasa ya hau ruwa don kallon abin da ba ya ci." Salima ta yi dariya ta ɗauki tulu.

Amma daga ran nan matar ta shiga shiri, irin shirin da ba a yi wa shaida. Ta je wajen matar liman da ƙullin daddawa, aka yi hira, can a tsakiya ta jefa tambaya kamar ta wani ce: wai in mutum yana cikin jirgin ruwa, jirgin yana juyawa, ina zai sa gabansa in zai yi salla? Ta fitar da turmin atamfar da ta ɓoye tun auren Hafsat, ɗiyarta ta tsakiya, ta kai ɗinki can wata unguwa inda tela bai san ta ba. Da gulbin Gagare ya cika, ta ce za ta ƙauye neman kalwa, ta tafi wani mashigi inda ake fito. Ta shiga kwalekwale ta ƙanƙame gefensa, idonta a rufe, tana karanta duk abin da ta haddace. Aka kai ta wancan ƙetare. Ta sauka, ta tsaya jim, ta sake shiga.

Mai fito ya dube ta. "Inna, mantuwa kinka yi?"

"Tuƙa dai, ɗana."

A dawowa ta buɗe ido. Ba ta ko yi amai ba. Ta sauka tana jin wani abu mai kama da abin da take ji tana yarinya in ta riga sa'o'inta cika tulu.

Ba kifin ne ya dame ta ba. Ko da ya kai dutsen Kwatarkwashi girma, kifi ne. Abin da take lissafawa hanya ce. Mota daga Ƙaura zuwa Sakkwato, daga nan Kamba, daga nan ƙasar da ba a jin Hausa sosai, kuma duk tsawon wannan tafiya kafaɗarta tana jikin tasa. A can ba wanda ya san shi ɗan fari ne. Ba wanda ya san Barakatu mai kunya. Tsohuwa ce kawai da ɗanta, in ta ga dama ta miƙa masa ruwa, in barci ya ɗauke shi ta dubi fuskarsa har ta ƙoshi. Ba ta taɓa duban fuskar nan ta ƙoshi ba. Ta san ƙafafunsa sarai, don su take kallo in ya zo gaisuwa.

Ta kuma san yadda abin zai gudana, don ta ga an yi wa wasu. Zai aiko Kulsumu ta yi mata magana a ɗaki. Ita za ta ce a'a. Kulsumu za ta matsa, ta sake cewa a'a. A kira wata tsohuwa ta sa baki, a ce haba Barakatu, kada ki kunyata yaro. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Tunda kun matsa." Ta tafi, kuma sunanta yana nan inda yake. Za ta ci biyu ke nan, ɗan da sunan.

Gero ya fara nuna, Hafsat ta haihu a gida, aka sa suna. Lukman ya iso ranar sunan da hantsi, tare da Kulsumu da ya biya ya ɗauko a Shinkafi. Tsakar gida cike da mata, ana rabon fura da tuwon shinkafa. Ya yi sallama ya shigo gaisuwa, dogo, baƙin rana ya ƙara masa duhu. Tsofaffi suka taso masa.

"Ga mijina na bakin ruwa! Ina tsarabata, ko kifin ya cinye?"

"Wanga ya tsufa ba mata, ku bar shi. Ko aljanar ruwa ta aure ka?"

Ya biye musu yana dariya, ya zube gaban wannan, ya zube gaban waccan. Sannan ya matso inda Barakatu ke zaune, ya durƙusa. Ta kawar da kai gefe, ta amsa gaisuwar a ciki kamar kullum. Ta jira ya tashi. Bai tashi ba.

"Adda," ya ce, da murya wadda har na bakin zaure sun ji, "jibi za mu tafi. Na zo ɗaukar ki. Za ki?"

Hayaniya ta lafa. Ludayi ya tsaya a cikin ƙwarya.

Ba don ya manta al'ada ya yi haka ba. Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san in ya bi ta hannun Kulsumu za a turo masa uwarsa kamar kayan saƙo, ta zo tana cewa an matsa mata. Shi kuwa ba wannan yake nema ba. Tun ranar da aka zare zane daga hannunsa yake ɗauke da tambaya guda, kuma a gaban mata aka zare, don haka a gaban mata yake son amsa. Kujerar jirgi hujja ce kawai ya samu. Ya so sau ɗaya a duniya ta zaɓe shi ido na ganin ido.

Barakatu ta ji idanu sun sauka a kanta kamar ƙudaje. Ga matar liman, ga tsofaffin Zurmi da suka zo suna, ga 'yan matan da ake ba misali da ita. Bakinta ya riga zuciyarta.

"Ni? Mi zan yi da kifi? A kai uwatai, ita ta sha wahalatai."

Aka saki numfashi. "Allahu akbar, Barakatu ba ta canzawa!" Wata ta rangaɗa guɗa. Kulsumu ta buɗe baki, "Haba ke kuwa, yaro ya taso tun daga..." Barakatu ta ji sanyi a ranta, ga matsin ya fara, saura biyu. Amma Lukman ya riga ya miƙe. Ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya yi murmushi wanda bai kai ido ba.

"Ba komai, Inna, bar ta. Kada a takura mata. Ke ki shirya."

Ya fita. Ba wanda ya sake matsawa, don mai abu ya ce a bari. Aka koma kan fura, ana ta yabon ta har la'asar, tana amsawa da "Allah dai ya rufa asiri."

Ranar tafiya da safe Kulsumu ta shigo ɗakinta neman allura, ta ɗaga murfin akwati, ta ga sabon ɗinki a ninke, da ƙullin kilishi, da 'yar jaka an ɗaure bakinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tura ƙofa ta zauna a bakin gado da nishi, don gwiwa ta dame ta.

"Barakatu, ke munafukar Allah ce."

"Yaya Kulsumu, mi na yi?"

"Wanga ɗinki na zuwa kasuwar kalwa ne? Ni tsohuwa da ciwon gwiwa, mi ya haɗa ni da teku? Ko rijiya na leƙa jiri nika ji. Yaron ga ba ni yaka so ba. Na yi mishi goyo, na yi mishi wanki, na kwana kanshi da ƙyanda, amma ban taɓa ruɗin kaina ba. Yanzu zan turo miki shi, in kori kowa. Ba tsohuwa, ba matar liman. Kalma guda ce. Ki ce za ki."

"A ce mi a unguwa? Jiya na ce a'a gaban jama'a, yau a gan ni cikin mota?"

"A ce mi! Unguwa za ta yi miki jinya in kin kwanta?"

Ta fita tana ɗingishi. Jim kaɗan Lukman ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa, jakarsa a kafaɗa. Gidan shiru, har Salima an aike ta. Barakatu tana zaune, akwatin yana bayanta, idonta a kan ƙafafunsa. Akwai sabon tabo a babban yatsansa na dama, ba ta san lokacin da ya ji ciwon ba.

"Adda, za mu kama hanya."

"To."

Ya jira. Ita ma jira take. Da zai sake tambaya, ko da wasa, ko da rabin baki, da ta ce to. Kalmar tana nan a kan harshenta, ta jiƙe. Amma ita ta fara, ba a tambaye ta ba, wannan kam ba ta san ta inda ake kama shi ba. Shi kuma ya riga ya yi rantsuwa a ransa cewa ya gama roƙo.

"A kula da Yaya Kulsumu," ta ce. "Ba ta son sanyi."

"Shi ke nan?"

"Allah ya tsare hanya."

"Amin," ya ce. Sannan ƙafafun suka juya.

Kulsumu ta dawo ita kaɗai bayan an gama yankan gero, direban albasa ya sauke ta a Ƙaura kafin ta wuce Shinkafi. Ta rame, ta yi baƙi, bakinta kuwa bai mutu ba. Maƙwabta suka cika gidan, ta ba su labari: yadda ta yi amai har ta roƙi gafarar kowa, yadda aka ɗaure ta cikin riga kamar buhun gawayi, yadda ƙananan suka yi ta tsalle a gaban jirgi. Babban kuwa sai da rana ta ɗaga, har an fid da rai, sannan ruwa ya tsage.

"Wallahi na ɗauka tsibiri ne ya taso. Ashe uwa ce, ga ɗanta a gefe, tana tura shi da kai tana ɗaga shi sama ya sha iska, gaban Turawa, gaban kowa. Na ce kai, wagga ba ta san kunyar ɗan fari ba!"

Aka fashe da dariya, Barakatu ma ta yi.

Sai da gida ya watse Kulsumu ta jawo jakarta ta fito da wata gorar roba cike da ruwa mai ɗan duhu, da yashi kwance a gindinta.

"Ga teku, tunda ba ki je ba."

Barakatu ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe, ta tsiyaya a tafin hannu ta lasa. Gishiri ya kama mata harshe, da wani ɗaci a bayansa.

"Shi ya ce a kawo?"

Kulsumu ta yi niyyar ƙarya, an ga alamar a fuskarta, sai ta fasa. "Ni na ɗebo."

Barakatu ta mayar da murfin, ta murɗa shi sosai.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci. Ya samu mata can, ɗiyar wani mahauci ɗan Dosso, bayan salla za a ɗaura. Ya sayi fili. Ya ce in gaya miki, ba fushi yaka yi ba, amma ba ya sake zuwa ya tsuguna. Ya ce lambatai tana wurin auta. Ranar da kinka kira da kanki, ko yana tsakiyar ruwa zai ɗauka." Ta ɗaga murya. "Salima! Kawo wayar ga."

Salima ta kawo, ta lalubo lambar, ta ɗora wayar a cinyar uwarta, ta nuna mata koren wurin da za ta taɓa. Sannan ita da Kulsumu suka koma bakin murhu suka ba ta baya, suna ta motsa tukunyar da ba ta bukatar motsi.

Barakatu ta dubi abin. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san waɗannan baƙaƙen nasa ne. Ta goge hannunta mai gishiri a zane. Ta ɗaga yatsa.

"Salamu alaikum, masu gida! An ce Kulsumu ta dawo daga cikin kifi?"

Matar liman ce a zaure, da wasu mata biyu a bayanta. Barakatu ta tura wayar ƙarƙashin tabarma, ta gyara zama, ta ce, "Maraba, maraba. Ku shigo daga ciki."